Gudajin jini a lokacin al'ada: kurakuran da mata suka fi yi

Mace ta shiga banɗaki ta canza ƙunzugu, sai ta ga wani abu baƙi-baƙi mai kama da yankan hanta. Wata gabanta ya faɗi, ta kwana tana tunanin ko mahaifarta ce ta lalace. Wata kuma ko a jikinta, ta ce ai datti ne ke fita. Dukansu biyun suna iya yin kuskure, kuma na biyun ya fi tayar mini da hankali.

Bari mu fara da mai tsoro. Abin da ke fita a al'ada ba jini ba ne zalla, haɗe yake da shimfiɗar cikin mahaifa da ke saɓulewa duk wata idan ciki bai shiga ba. Jiki na fitar da wasu sinadarai da ke narkar da jinin don ya gangaro a ruwansa. A ranar farko da ta biyu, lokacin da zubar ta fi ƙarfi, sinadaran kan kasa cin ƙarfinsa, sai ya daskare ya fito guda-guda. Haka nan idan kin daɗe a kwance ko a zaune, jinin kan taru, kina miƙewa ki ji ya zubo. Gudaji ƙanana kamar ƙwayar wake ko gyaɗa, jefi-jefi, ba ciwo ba ne. Duhun launinsa ma alama ce kawai ta ya ɗan jima kafin ya fito.

Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi santimita 2.5 ne. Ki ɗauko murfin kwalbar lemo ki duba, kusan faɗinsa ke nan. Gudan da ya kai wannan ko ya fi, kuma yana maimaituwa wata bayan wata, ba na kawar da kai ba ne.

Yanzu ga babban kuskuren: "ai datti ne, gara ya fita." Wannan magana ta cuci mata da yawa. Jinin al'ada ba guba ba ne da jiki ya tara, kuma yawansa ba ya nufin an wanke mahaifa. Galibin mata kan zubar da mililita 30 zuwa 40 a al'ada guda, wato cokalin cin abinci biyu zuwa uku. Idan ya haura mililita 80, ya yi yawa. Ba wadda za ta zauna tana awo da cokali, don haka ki lura da waɗannan: audugar mata na jiƙewa sharkaf duk awa ɗaya ko biyu, kina haɗa auduga biyu ko ki ƙara da zane, kina tashi cikin dare don canzawa, jinin na wuce kwana 7. Ko ɗaya daga ciki ya isa dalilin ganin likita.

Kan maganar kwanaki akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. A fiƙihun Malikiyya da muka taso a kansa, mafi tsawon haila kwana 15 ne, abin da ya wuce nan istihala ne. Sai wata ta ce tunda nata kwana 10 yake yi, ai lafiya lau. Malam yana amsa miki tambayar sallah da azumi ne, ba ya auna jinin da ya rage a jikinki. Ki yi wa malam tambayarsa, ki yi wa likita tasa.

Wadda ta daɗe tana zubar da jini haka, sinadarin ƙarfen da ke jininta ƙarewa yake yi a hankali, ba ta ankara ba. Jiri idan ta miƙe, haki daga ɗan shara, bugun zuciya, cikin ido da tafin hannu sun yi fari, wani lokaci har da kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara. A gida a ce ragwanci ne, ko a ce aikin yara ne ya yi mata yawa. Gwajin PCV, wato awon yawan jinin da ke jiki, ba ya ɗaukar lokaci, ko a ƙaramin asibiti ana yi. Hanta, nama, wake, zogale da alayyafo suna taimakawa, kuma a raba shayi da lokacin cin abinci domin yana rage shigar ƙarfen cikin jiki. Amma idan jinin ya yi ƙasa sosai, abinci kaɗai ba zai cike gurbin ba, sai da ƙwayar ƙarin jini na wasu watanni. Ko ita ɗin ma zuba ruwa ne a kwando muddin ba a toshe inda yake yoyo ba.

Sai kuma "sanyi". Duk abin da ya sami mace daga cibiya zuwa ƙasa, sanyi ne. A sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis, a sha jiƙo da kanwa, wata ya zagayo gudajin na nan. Abubuwan da suka fi haddasa manyan gudaji daban suke: ƙarin mahaifa, wanda a asibiti ake kira faibroid, kuma ya fi yawa a tsakanin mata baƙar fata, tsiro a cikin mahaifa, shimfiɗar mahaifa ta kutsa cikin naman bangonta, rikicewar sinadaran jiki, kamar ga budurwar da ta fara al'ada ko macen da ta doshi dainawa, matsalar ƙululun maƙogwaro, robar tazarar haihuwa mai jan ƙarfe da ake sakawa a mahaifa. Yarinyar da tun farkon al'adarta take ambaliya, ga yawan haɓo, ga jini a dasashi, a duba ko jininta ne ba ya daskarewa yadda ya kamata. Yawancin waɗannan da sikanin da gwajin jini ake gano su.

Na san abin da ke hana wasu zuwa: tsoron a ce za a cire mahaifa. Ba kowane ƙari ne ke kai wa ga wuƙa ba. Akwai ƙwayar tranexamic acid da ake sha a ranakun zubar kawai, akwai ƙwayoyin daidaita al'ada, akwai robar mahaifa mai sinadari da ke rage jini ƙwarai. Likita ne zai zaɓa, domin wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya ba kowanne ya dace da ita ba.

Ciwon mara kuwa, kada a sha masa asfirin, ƙara zubar yake yi, kuma garin Alabukun akwai asfirin a ciki. Ibuprofen ya fi dacewa, har yakan ɗan rage jinin, sai dai ban da mai gyambon ciki.

Idan al'adarki ta yi jinkiri sannan ta zo da gudaji da ciwo fiye da yadda kika saba, kada ki ce makara ta yi. Yi gwajin ciki na fitsari a ranar. Yana iya zama ɓari, yana kuma iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda kan fashe ya zubar da jini a cikin ciki. Ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, gumi mai sanyi, ko jirin da ke neman kayar da ke, a tafi asibiti a daren, ba a jiran gari ya waye.

Iyayenmu kuma da suka shekara cur da daina al'ada, idan jini ya dawo, ko ɗigo ɗaya ne, ba ƙuruciya ce ta dawo ba. Kunya kan hana su faɗa, musamman ga 'ya'ya maza. Idan ke ce kika lura da tabo a zanen Inna, ki same ta ku biyu, ki tambaye ta a hankali, ki raka ta wurin likitan mata a makon.