Yadda ake gwada magungunan wankin kumfa a kan dutsen dalma da tutiya kafin a sayo su buhu-buhu

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Legas sayen magungunan wankin kumfa da lissafin wani suke zuwa. An rubuta musu a takarda: zantet, maganin da ke manne wa ma'adini ya hau kumfa, buhu kaza, kofa salfet, wato gishirin jan ƙarfe, buhu kaza. Su sauka a Agege ko Mile 12, washegari su nufi kasuwar kemikal ta Ojota ko wurin dillalin da ke shigo da kaya daga Sin ta Apapa, su biya, a loda a tirela. Bayan wata biyu sai ka ji suna cewa jabu aka sayar musu. Wani lokaci jabun ne. Amma galibi maganin lafiyarsa ƙalau, lissafin ne ba na dutsensu ba. Dutsen Zurak na ƙasar Wase a jihar Filato daban yake da na Abakaliki a jihar Ebonyi, kai ko ramuka biyu a daji ɗaya sukan sha bamban. Shi ya sa ake fara gwaji da kilo 1 a ƙaramin injin kumfa na kan tebur.

Ba zan ɓata lokaci kan mene ne wankin kumfa ba. Wanda ya kai ga sayen magani ya san cewa ana sa wa garin dutse sinadarin da zai hana ma'adinin da ake so jiƙewa, a hura iska, shi ya hau kumfa ya taso, tsakuwa ta zauna a ƙasa.

Ka zo da dutsenka, ka zo da ruwanka

Kada ka tsinto masu ƙyalli ka ce samfur ne. Kowa yana son dutsen tozali mai walƙiya ya wakilci raminsa, amma injinka ba shi kaɗai zai ci ba. Ɗebo daga wurare daban-daban na tulin, kilo 20 zuwa 30, a farfasa a gauraya, sannan a raba kilo-kilo a leda a ɗaure. Ka kuma cika jarka biyu da ruwan da za ku yi aiki da shi a can wurin haƙarku. Ruwan rijiyar burtsatse a unguwanni da yawa na Legas yana da tsami da ƙarfe, na kusa da teku kuma ga gishiri. In ka yi gwaji da shi, sakamakon na Legas ne, ba zai bi ka Filato ba.

Niƙa da ruwa ake yi, ba a bushe ba. Wannan ba batun inganci kaɗai ba ne. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dalma daga dutsen zinaren da ake dakawa a cikin gidaje. Ka niƙa har kusan kashi 80 cikin 100 su wuce rariya mai lamba 200, wato maikiron 75. In ka zarce ya koma laka, lakar ce za ta shanye maganin. Abin da ka niƙa yau, yau za ka wanke shi. In ya kwana fuskar ma'adinin takan dushe, zantet ya kasa kama shi.

Haɗa magani

Ni ban yarda da auna gari da ido ko da bakin cokali ba. Narka giram 1 na kowane magani a cikin ruwa mililita 100. In samfurinka kilo 1 ne, kowane mililita 1 na wannan ruwan daidai yake da giram 10 a kan tan guda na dutse. Da sirinjin da za ka saya a kemis ka gama. Ruwan zantet kullum sabo ake haɗawa, na jiya zubarwa ake yi. Maganin da ke sa kumfa kuwa, man itacen fain ko sinadarin da ake kira MIBC, ɗigo ake sa shi yadda yake. Na fi son MIBC don kumfarsa na saurin fashewa bayan an kwashe, amma in man fain ka samu da araha, yi da shi.

Jerin zubawa, inda kowa ke faɗuwa

Zuba kunun dutsen a tukunyar inji, ka ƙara ruwa har gari ya zama kamar kashi 30 cikin 100 na nauyin. Kunna abin juyawa, amma bakin iska a rufe. Na ga masu koyo da yawa sun buɗe iska tun kafin su zuba komai, wai suna son su ga kumfa. Iska sai a ƙarshe.

Dalma ake fara cirewa. Abu na farko shi ne pH, wato ma'aunin tsamin ruwa: a kai shi tsakanin 8 da 9 da soda ash, irin ta masu yin sabulu. Layim, wato farar ƙasa, ya fi araha, na sani, amma in ya yi yawa yakan danne dalmar kanta, don haka ka ajiye shi sai zagayen tutiya. Daga nan sai masu dannewa: zink salfet, fara da giram 300 zuwa 500 a tan, tare da sodiyam metabaisalfait, su kwantar da tutiya da fairait, wato ma'adinin ƙarfe da salfa da ba a so. Ka duba agogon wayarka ka ba su minti 3 zuwa 5 suna juyawa. Bayan nan ne zantet zai shiga, na itail, giram 20 zuwa 40 a tan, minti 2. Sai ɗigo ɗaya ko biyu na mai kumfa, minti 1. Sannan ka buɗe iska a hankali.

Me ya sa ba za a zuba su gaba ɗaya a huta ba? Saboda zantet ba ya tantancewa da kansa. Duk ma'adinin salfa da ya tarar a buɗe zai manne masa, kuma in ya riga ya manne wa fairait, mai dannewa da ya zo daga baya aikin banza yake yi. Mintocin nan da kake tsaye kana jira su ne aikin. Wanda ya gajarta su zai kwashi kumfa mai nauyi ya yi ta murna, sai sakamakon awo ya fito ya ga dalma da tutiya da ƙarfe a cakuɗe, mai saye kuma ya zaftare masa kuɗi.

Kalli kumfar da kyau. Ta dalma toka-toka ce mai duhu da sheƙi, kamar an barbaɗa kwalli a kanta, ƙwayoyinta ƙanana masu ɗan ƙarfi. Riƙa sharo ta da faranti kowane daƙiƙa 10 zuwa 15, kada farantin ya nutse cikin kunun. Idan ta fara yin fari, ƙwayoyin suna fashewa da wuri, dalma ta ƙare. A nan ne hannu ke ƙaiƙayi a ƙara zantet. In za ka ƙara, giram 10 a tan, kuma abin da ya taso ka tara shi a kwano daban. Kumfa mai ɗorawa-ɗorawa da launin tagulla fairait ce, alamar ka wuce gona da iri.

Yanzu tutiya. Rufe iska. Zuba layim har pH ya kai 10.5 zuwa 11, don fairait ta ci gaba da kwanciya. Sai kofa salfet, shuɗin nan, giram 300 zuwa 500 a tan don farawa. Dutsen tutiya ba ya karɓar zantet sosai sai jan ƙarfe ya hau fuskarsa, kuma hawan yana cin lokaci: minti 5 a ƙalla, ni ina ba shi har 10. Wani ɗan kasuwa da ya kawo samfur ya ce mini, "Malam, duk cikin tukunya ɗaya za su, mene ne na jira?" Na ce, "Alhaji, matso ka gani." Na ɗiga ruwan zantet a kofin gilashi mai ruwan kofa salfet. Nan take ya yi gudaji-gudaji masu launin ɗorawa suka fara sauka gindin kofi. Magungunan biyu sun cinye juna ke nan, ba wanda ya taɓa dutse, kuma duka biyun da kuɗi aka sayo su. Bayan jiran sai ka sa zantet mai ƙarfi, na aisofurofail ko na amail, giram 40 zuwa 60 a tan, ɗigon mai kumfa, ka buɗe iska. Kumfar tutiya ƙasa-ƙasa ce.

Za ka ji ana cewa manyan masana'antu sayanaid suke sawa don danne tutiya da fairait. Gaskiya ne, yana aiki. Amma in ya haɗu da ruwa mai tsami iskar da ke kisa yake fitarwa, kuma ba abin mai koyo ba ne. Bar shi. Haka in dutsenka na saman rami ne, fari-fari ko ja marar ƙyalli, ruwa da iska sun riga sun sauya shi. Zantet ba zai kama shi ba sai an fara bi da sodiyam salfaid, wannan kuma wani karatun ne.

Sauran aikin

Tace kowane kwano, busar, auna nauyi, har da abin da ya rage a tukunya, ka kai ɗakin awo a faɗa maka dalma da tutiya da ƙarfen da ke cikin kowanne. Awo akwai tsada, amma bai kai kuɗin buhunan da ba ka buƙata ba. A gwaji na gaba abu ɗaya tak za ka canza, ko niƙa, ko pH, ko yawan zantet. Idan ka samu wanda ya yi, sake wanke kumfar farko ba tare da ƙarin zantet ba don ta ƙara tsabta. Ruwan da ya rage kada ya shiga kwata. Bar shi ya kwanta a durom.

Sai yanzu za ka shiga kasuwa. Injin da ke cin tan 50 a rana, a kan giram 60 a tan, kilo 3 na zantet yake sha, buhu mai kilo 25 zai yi kwana 8. Ka lissafa na wata biyu ko uku, ba na shekara ba, domin zantet yana lalacewa da zafi da laima, ga kuma daminar Legas. Sa a buɗe buhu a gabanka: ƙwayoyin su kasance a bushe, a warwatse, masu launin ɗorawa mai haske. Wanda ya dunƙule ya yi danshi ko ya yi duhu, bar musu kayansu ko da rabin kuɗi ne. Lalataccen zantet yana fitar da iska mai guba mai saurin kama wuta, don haka ba a ajiye shi kusa da janareto ko a ɗakin da yaran shago ke kwana. Wajen lodi kuma ka tsaya da kanka, kada direba ya haɗa maka shi da buhunan shinkafa da sukari, a rufe da tamfol, kofa salfet a gefe guda, zantet a ɗaya gefen.