Kurakuran da nake ta gani wajen masu saita CRM ya riƙa aiki da kansa

Na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Mutum ya buɗe Zoho CRM ko HubSpot yau, wato manhajojin CRM da ake adana bayanan kwastomomi ana bibiyarsu da su, gobe ya saita saƙonni su riƙa tafiya otomatik, bayan sati biyu ya kira ni wai sistem ya haukace. Lafiyar sistem ƙalau, abin da ka zuba masa ne yake rabawa mutane da sauri.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne lambar waya. Mai shago ya rubuta 0803, yarinyar da ke amsa WhatsApp ta rubuta +234803, wani kuma ya kwafo daga Excel, shi kuwa Excel cinye sifilin farko yake yi sai lamba ta fara da 803. Shi ke nan mutum ɗaya ya zama uku a CRM. To ka saita cewa duk wanda bai biya ba a tura masa tuni bayan kwana uku, Hajiya ta biya kuɗin atamfarta an rubuta a kan suna ɗaya, sauran biyun suna nan zaune a layin waɗanda ake bi bashi. Wannan ya taɓa jawo min asarar aiki sukutum a wani kamfanin raba kaya, saƙon neman biyan bashi ya yi ta zuwa wa babban dilansu bayan ya biya, mutumin ya kira mai kamfanin yana faɗa wai maci amana aka ɗauke shi ko me, ya kwashe cinikinsa ya kai wani wuri. Ni dai yanzu ba na kunna komai sai na mayar da duk lambobi su fara da +234, na haɗe sunayen da suka maimaitu, na kulle gurbin lamba yadda ba zai karɓi wadda ta riga ta shiga ba. Kuma duk ƙa'idar da na saita sai na sa mata inda za ta tsaya, da kuɗi ya shigo a yi shiru.

Sai WhatsApp, kuma a nan dan Allah ku ji tsoron Allah. Idan kwastoma ya yi maka magana a lambar da ka haɗa da CRM, awa 24 kake da ita ta amsa masa yadda kake so, bayan nan sai da samfurin saƙon da Meta, kamfanin da ke da WhatsApp, ta amince da shi. Amma sai mutum ya kwaso lambobi daga guruf ɗin biki ko na tsofaffin ɗalibai ya zuba a CRM ya ce a yi ta aika talla. Mutane suna bulokin ɗinka darajar lambar tana faɗuwa, Meta ta taƙaita maka aikawa, wani lokacin ma a rufe lambar da kasuwancinka ya dogara a kanta. Ga kuma dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023, wadda ta ba mutum damar cewa a daina turo masa talla. Wanda bai ba ka lambarsa da yardarsa ba, ka ƙyale shi.

Idan SMS ne, wanda ya kunna DND, wato tsarin toshe saƙonnin talla da ake kunnawa ta aika saƙo zuwa 2442, tallarka ba za ta isa gare shi ba, kar ka zargi CRM.

Ka duba agogon sistem, in ba na Legas yake bi ba saƙonka zai iya sauka ƙarfe biyun dare. Ma'aikaci ya bar aiki, ka cire sunansa daga rabon sababbin kwastomomi, in ba haka ba su yi ta taruwa a akwatin da ba mai buɗewa. Kar ka rubuta "Alhaji" a cikin gaisuwar da za ta je wa kowa.

Masu amfani da CRM ɗin Salesforce, ku daina gina sabon abu a Workflow Rules da Process Builder, tsofaffin kayansa na saita aikin otomatik, kamfanin ya daina kula da su daga ƙarshen 2025, wanda ya maye gurbinsu, Flow, ake yi yanzu. Gwaji kuma ni da lambata da ta ƙanina nake fara yi, sai na ga saƙon ya shigo wayata na karanta shi kafin na sake shi ga kwastomomi.