Ga ɗalibin da ya sauka Ingila: haɗa rubutu a R

Ɗan'uwa, sannu da zuwa. Bayan ka sami ɗaki, ka buɗe asusun banki, ka yi rajista da likita, in karatunka ya shafi ƙididdiga ko lafiyar al'umma, abu na gaba da za ka ci karo da shi shi ne R, manhajar nazarin alƙaluma a kwamfuta. Yawancinmu da SPSS muka saba a gida, a danna nan a danna can sakamako ya fito. A nan kuwa da hannunka za ka rubuta kowane umarni. Manhajar R kyauta ce, Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka ƙirƙiro ta a Jami'ar Auckland, saboda haka ka saka ta a kwamfutarka tun ba a shiga aji ba.

Ni abin da ya fara ba ni wuya ƙarami ne: haɗa sunan mutum da na mahaifinsa. Na sa alamar tarawa a tsakani, R ya ƙi, don shi a wurinsa wannan alama ta lambobi ce kawai. Ashe umarnin paste ake amfani da shi. In ka rubuta paste("Musa", "Garba") sai ya ba ka "Musa Garba", da tazara a tsakiya. Shi kuwa paste0, wanda ya shigo a 2012, manne su yake yi ba tazara. A cikin paste, da sep kake zaɓar abin da zai shiga tsakani, collapse kuma ya dunƙule jerin sunaye duka ya zama layi guda.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne gurbin da ba a cike ba. R yana nuna shi da NA, amma paste ba ya ko tari, sai ya mayar da shi rubutu: "Musa NA". Haka na taɓa kai wa malamar da ke duba aikina teburin bayanai, ita ce ta nuna mini, na ji kunya ƙwarai. In ka yi aiki da umarnin str_c na stringr, wani kunshin umarnai da ake ƙara wa R, gurbin zai tsaya a NA ɗinsa, ka gan shi ka gyara.

In bayananka daga gida ka zo da su, akwai Ɗanladi, akwai Ƙanƙara, to ka ajiye fayil ɗin a UTF-8, tsarin adana rubutu da ya san haruffa masu ƙugiya. Mai Windows kuma ya tabbata R ɗinsa ya kai 4.2.0 na 2022, domin daga nan ne ƙ da ɗ da ɓ suka daina rikicewa a cikinsa.