Darasi na Tara: Gishirin Teku da Tafiyar Ruwa

Da yawa daga cikinmu a nan Gombe ba mu taɓa ganin teku ba, amma ruwan Gongola da ke bi ta Dadin Kowa yana shiga Binuwai a Numan, ya haɗu da Kwara a Lokoja, daga nan ya zarce Tekun Atlantika, inda kowace lita ta ruwa take ɗauke da gishiri kimanin giram 35.

Kowa ya ɗauki kofi, ya zuba ruwa, ya saka ɗanyen ƙwai. Zai nutse. Ku riƙa zuba gishiri cokali-cokali kuna motsawa har ya narke, za ku ga ƙwan ya taso sama, domin ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi. Wanda nasa bai taso ba kada ya karaya, ya ƙara gishiri.

Yanzu ku zuba kaɗan daga ruwan nan a faranti, ku ajiye a rana. Idan ya bushe za ku tarar da farin gishiri manne a farantin. Ruwa ne ya tashi ya zama tururi, gishiri ya zauna. Ku maimaita: ruwa ya tafi, gishiri ya zauna. A nan ne nake ganin dattawa da iyaye mata suna tuntuɓe kowace shekara, sai an tambaya su ce rana ce take ƙara wa teku gishiri. Rana ba ta kawo gishiri, ruwa take ɗebewa. Haba jama'a, wanda bai ajiye farantinsa a rana ba yaya zai gane wannan? Ku rubuta sau biyar: ruwa ya tafi, gishiri ya zauna.

Shi ya sa Bahar Maliya, inda zafi ya yi yawa kuma ruwan sama ya yi ƙaranci, take da gishiri wajen giram 40 a lita, alhali inda Kwara ke shiga teku ruwan kogi yana tsarma ruwan tekun. Ruwan da ya yi nauyi da gishiri da sanyi yana nutsewa ƙasa, wani ya maye gurbinsa, haka teku take tafiya.

A ƙarshen Afirka ta Kudu akwai ruwa mai gudu a cikin teku da ake kira Agulhas. Wani ɓangarensa yakan ɓalle yana juyi kamar guguwa, ya ɗauki ruwan Tekun Indiya mai ɗumi da gishiri ya kai Atlantika.

Aikin gida: ku kawo farantinku ranar Asabar.