Sauran da ake wulaƙantawa a lissafin rabawa

Duk shekara in jarrabawar CEP, ta kammala firamare a Kamaru, ta matso, maƙwabta a unguwarmu a Garwa sukan turo mini 'ya'yansu 'yan ajin CM2, ajin ƙarshe na firamare, bayan sallar Magariba mu yi bitar lissafi. Tarawa da ɗebewa ba su cika ba su wahala ba. Rabawa ma suna yi, sai an zo kan abin da ya saura, nan kan kowa yake kwancewa. Manyan ma da ke zaune a shago ba su tsira ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne soke sifili. An koya wa yara cewa in za a raba 7,500 da 400, a share sifili biyu nan, biyu can, a yi 75 da 4. To, amsar tana fitowa daidai, 18. Sauran kuwa ya lalace. Yaro zai rubuta saura 3, alhali 400 sau 18 ya kama 7,200, abin da ya rage 300 ne cur. Sifilin da ka ara, dole ka mayar wa saura da kayansa.

Wannan ganganci ya taɓa raba ni da babban mai ciniki. Wani bawan Allah ya ajiye sefa 47,500 a shagona, ya ce a ba shi jarkokin man gyaɗa na 6,000 iya abin da kuɗin za su saya, canjin zai aiko a karɓa. Yarona ya share sifili, ya raba 475 da 60, ya sami jarka 7, ya rubuta saura 55 a littafi. Washegari ƙanen yaron nawa ne a shagon, shi kuma kamar kowa a kasuwar nan da dala yake ƙirga, dala ɗaya sefa 5. Ya ga 55, ya ƙirgo dala 55, wato sefa 275, ya ba ɗan aike. Haƙƙin mutumin 5,500 ne! Kafin in gano in kai masa kuɗinsa har gida, magana ta zaga layi cewa ana cin canji a shagona. Ya karɓa, ya ce ba komai, Alhaji, amma ƙafarsa ba ta sake taka ƙofata ba. Tun daga ranar na kafa doka, a shago da wajen bita: ba a rubuta saura tsirara. A ce saura sefa kaza, ko kwalba kaza, ko mutum kaza. Wanda ya rubuta lamba kawai, aikin ya koma.

Sai masu dogara da waya. Kwalaben lemo 150, kiret yana cin 12. Ka danna, waya ta nuna 12.5, sai ka ji ƙato yana cewa kiret 12 da kwalba 5. Haba, malam! Biyar ɗin nan rabin kiret take nufi, rabin 12 kuwa 6 ne. Wayar ta riga ta farfasa sauran ta raba shi, ba ta nuna maka shi yadda yake. Ni abin da nake yi, ina watsar da duk abin da ke bayan ɗigo, in ninka 12 sau 12 in sami 144, in cire daga 150. Shida ta fito da kanta. Wasu malamai suna koyar da a ninka 0.5 da 12. Ba laifi, amma ranar da waya ta ba ka 3.3333 za ka sha wuya.

Ƙananan kurakurai kuwa ba sa buƙatar dogon wa'azi. Saura ba ya kai yawan abin da ka raba da shi: in ka raba da 7 ka ce saura 9, ba ka gama rabo ba. In ka raba 618 da 6 amsar 103 ce, masu gaggawa suna tsallake sifilin tsakiya su rubuta 13. Kuma saura sifili amsa ce, ba alamar kuskure ba.

Akwai kuma wanda lissafinsa daidai, hankalinsa ne bai zo ba. 'Yan biki 50 za su Marwa, mota tana ɗaukar 18. Yaro ya rubuta mota 2 saura 14, ya ajiye biro yana murmushi. To mutum 14 ɗin fa, a tasha za su kwana? Mota 3 ake nema. Amma tela mai yadi 20 da ke yanka riga a yadi 3, riga 6 zai fitar, yadi 2 da suka rage ba za su zama ta bakwai ba. Can an ƙara ɗaya, nan an ajiye saura gefe, tambayar ce take yanke hukunci. Shi ya sa nake sa yaro ya sake karanta layin ƙarshe na tambayar da ƙarfi kafin ya rubuta amsa.

Wani lokaci ma sauran kaɗai ake bukata. Ka ba da bashi ranar Lahadi a kasuwar Pitoa, aka yi alkawarin kwana 45. Raba da 7: mako 6, saura kwana 3. Makonnin ba ruwanka da su, ƙirga uku daga Lahadi. Ranar Laraba za ka tura a karɓo.