Idan mota ce ɗakin kwananka: yadda za ka tanadi wuta a zangon Argungu

Lokacin bikin kamun kifi na Argungu masauki kan yi wuya, shi ya sa wasu ke cire kujerun bayan bas, su shimfiɗa katifa, su kwana kusa da Matan Fada, kogin da ake kamun kifin. Haka ma 'yan kasuwar shinkafa da ke yin kwana biyu ko uku a ƙauyukan fadama. Abin da ke damunsu kusan iri ɗaya ne: fanka ta tsaya tsakar dare, da asuba kuma mota ta ƙi tashi.

Tushen matsalar shi ne jona komai a batirin mota. An yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, ba don a tatse shi dare guda ba. Ka tatse shi haka sau da yawa, ya lalace. Ka sayi batir na biyu irin na sola, ka sa mai gyaran wutar mota ya saka maka rile mai raba su, yadda injin zai caja duka biyun a kan hanya, amma da ka kashe mota su rabu.

Sai lissafi, kuma nan ne ya kamata ka zauna da biro. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda. Idan mai ruwa ne, rabi kawai za ka taɓa, wato 600, in kana son ya daɗe. Batirin litiyam kuwa zai ba ka kusan 1,000. Fanka mai aiki da wutar batir kai tsaye tana cin kamar wat 20. Awa 10, an sha 200. Ƙwan fitila biyu masu wat 5, awa 5, ƙarin 50. Cajin waya huɗu, ka ce 60. Jimla 310, batirin zai kai ka safe da rara. Amma da ka ƙara ƙaramin firji, wanda a zafin Kebbi zai iya shan 400 zuwa 500 a yini da dare, lissafi ya canza: sai batir mai 200Ah ko litiyam.

Na'urar sanyaya ɗaki kam, malam, cire ta daga ranka. Mai doki ɗaya tana jan kusan wat 800, ba za ta cika awa guda a batir mai ruwa mai 100Ah ba. Dutsen guga da butar lantarki ma haka. Ka dafa shayi a kan gas, a waje.

Farantin sola mai wat 200 zai mayar maka da kamar 700 zuwa 800 a wuni mai rana sosai. Ka ɗan kishingiɗa shi yana kallon kudu. Ƙurar hunturu babbar ɓarauniya ce: shafa yatsa a gilashin, in ya bar layi, wutarka na raguwa. A goge da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe, kafin ya ɗau zafi. Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin sola, sannan faranti. In ka juya, kwantirolar na iya ƙonewa.

Kada ka yi rowar waya. Inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, in mai wat 1,000 ce tana jan sama da amfiya 80 daga batir, siririyar waya za ta yi zafi har robarta ta narke. Ka sa kebul mai kaurin murabba'in milimita 25 (25mm²), gajere, da fiyus dab da kan batir. Ita inbatar tana shan wuta ko ba a jona mata komai ba, don haka a kashe ta in ba a buƙata. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, ka ajiye shi inda iska ke ratsawa, ba ƙarƙashin katifa ba, kuma tataccen ruwan da ake sayarwa don batir kaɗai ake ƙara masa, ba asid ba, ba na rijiya ba. Ka auna shi bayan ya huta: bolt 12.6 ya cika, bolt 12.2 ya kai rabi, ka dakata.

Sanyin jiki kuwa inuwa ce ke kawo rabinsa. Ka faka ƙarƙashin darbejiya, ka ja farantin da doguwar waya mai kauri zuwa rana. Rufe gilashin gaba da kwali ko tabarma. Da magariba ka buɗe tagogi biyu masu kallon juna, ka ɗaura musu raga saboda sauron bakin gulbi, ka sa fanka a ɗaya tana fitar da zafin da ƙarfen mota ya tara. Ƙaramin tulu, ko jarka da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu, zai ba ka ruwan sanyi ba tare da ka taɓa batir ba.

In dole sai janareta, ka kai shi aƙalla mita 6 daga mota, bututun hayaƙin na kallon nesa da taga. Gubar hayaƙinsa ba ta da wari, mai barci ba ya jin shigarta. Haka garwashin jin ɗumi a daren hunturu, da barin injin mota a kunne ana barci: ka ƙara bargo, garwashi ya tsaya a waje.