Yadda nake harhaɗa ƙaramin Alpha Jet in sa masa tsufa

Ƙaramin jirgin roba na farko da na harhaɗa, irin wanda ke zuwa gutsure-gutsure a kwali, yana nan a saman kabad, ba na nuna wa kowa shi. Na zuba masa datti har ya koma kamar tukunyar da ta kwana a murhu, saboda a lokacin na ɗauka yawan baƙi shi ne gwaninta. Sai da na zauna da hotunan jirage na gaske na ga kowane tabo yana da dalilinsa, yana kuma da inda yake tsayawa. Don haka kafin ka buɗe kwali, nemo hoto uku ko huɗu na jirgi guda, mai lamba guda, ka ajiye a waya. Su za ka bi har ka gama.

Na zaɓi Alpha Jet ne don namu ne na gida. Kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus suka haɗu suka ƙera shi, ya fara tashi a 1973, rundunar sojin saman Najeriya ta sayi guda 24 a shekarun 1980, mazauninsu Kainji, sun kuma yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya. Kujera biyu gare shi, ɗaya bayan ɗaya, da inji biyu. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 9.11 ne. A ma'aunin 1/72, wato an rage girmansa sau 72, zai zo maka kusan santimita 13, a 1/48 kuma santimita 19. Kamfanonin Heller da Airfix sun yi na 1/72, kamfanin Kinetic ya yi na 1/48. Mai farawa ya ɗauki ƙaramin, in ya ɓaci asarar ba ta da ciwo sosai. Abu guda ka duba tun a kwali: samfurin Jamus hancinsa mai tsini ne, na Faransa a dunƙule yake. Ka ɗauki wanda ya yi daidai da hotonka.

Kayan aiki ba sai ka kashe kuɗi da yawa ba. Abin yanke farce yana cire gutsattsarin daga jikin firam ɗinsu, reza tana gyara bakin, samfefa mai laushi (lamba 600 zuwa 1000) tana gogewa. Sai tsinken sakace, audugar goge kunne, salatif na takarda da buroshi biyu, siriri da mai faɗi. Gam ne kaɗai ba na yarda a yi masa dabara. Nemi Tamiya Extra Thin ko irinsa, wanda ke narkar da robar kaɗan ya haɗe ta ta zama abu ɗaya. Kuma kada tinar kafintoci ta kusanci jirginka, cinye roba take yi.

Fara da wanke robar a ruwan sabulu, ka bar ta ta bushe. Mazaunin matuƙa ake fara yi, domin da zarar ka rufe gangar jiki hannunka ba zai sake shiga ba. Fenta kujeru da allon agogo, ka yanka siririn salatif ka yi wa kujerun bel. Kafin ka rufe, cusa nauyi a hanci. Ni boris ɗin keke nake karɓa wajen mai gyara a bakin layinmu, in dasa uku ko huɗu da gam mai kauri. In ka manta, jirgin zai zauna da gindi, hanci a sama, ba kuma yadda za ka yi da shi. Kowane gutsure ka gwada shi a bushe tukuna. In ya zauna, riƙe ɓangarorin biyu a haɗe, ka ɗiga gam a bakin layin, zai bi tsagar da kansa. Inda rata ta rage ka cike da fila, wato ƙullun toshe tsaga, ka goge har farce ya wuce bai ji tudu ba. Jirgi na gaske ba shi da ɗinki a gadon bayansa, naka ma kada a gani.

Murfin gilashin mazaunin matuƙa shi ya taɓa sa ni hawaye. Na manna shi da sufa gulu, da safe na tarar ya yi fari fat daga ciki kamar idon da yana ta rufe, tururin gam ɗin ne ya kama shi. Farin gam na katako, irin Top Bond, shi ne maganin. Yana bushewa garau, ba ya taɓa gilashi. Rufe gilashin da salatif, ka bi layin firam da sabuwar reza.

Daga nan sai fentin share fage, toka-toka, siriri. Shi zai tona maka duk inda ka yi ha'inci a guga. Launukan ɓad-da-kama kuwa ka fara da mafi haske, na ƙasa-ƙasa, sannan masu duhu, kana bin taswirar da ke hotonka. Fentin ruwa nake amfani da shi, Vallejo ko Tamiya, in tsinka shi har ya yi kamar madarar shanu. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, ko da buroshi kake yi ko da 'yar bindigar feshi. Da hunturu akwai fitina biyu: fenti yana bushewa tun a bakin buroshi, ƙura kuma tana jiran ka juya baya. Nakan yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, in yi aiki da sassafe, in kife roba mai faɗi a kan jirgin da zarar na ajiye buroshi.

Kada ka manna sitika a kan fenti mai dishi-dishi. Iska takan maƙale a ƙarƙashinta, gefenta ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Shafa ruwan sheƙi marar launi tukuna, ka ba shi kwana guda. Tsoma sitikar a ruwan ɗumi na daƙiƙa 15 ko 20, ka zame ta daga takardarta zuwa wurinta, ka danne da auduga. Tambarin kore-fari-kore da lambar NAF, wato rundunar sojin saman Najeriya, ba kasafai suke zuwa a kwali ba, sai dai a nema daban ko a buga a takardar sitikar ruwa. In sun zauna, ƙara wani shafin sheƙi a kansu.

To, yanzu aka zo wurin da nake so. Tambaya guda nake yi wa kowane tabo kafin in sa shi: me ya kawo ka nan?

Layukan da ke tsakanin faranti su ne farko. Ɗauki fentin mai na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, ka tsinka shi da farin sifirit, ruwan tsinka fentin mai, har ya yi kamar shayin da ba madara. Taɓa bakin siririn buroshi a layi, za ka ga launin ya ruga da kansa yana bin tsagar, ya sha kwana a kusurwa, ya tsaya a kan ƙusoshi. Ba shi minti 20. Sannan ka ɗan jiƙa auduga, ka matse ta sosai, ka goge daga gaba zuwa baya, yadda iska ke bin jirgi in yana tafiya. A gefen gangar jiki kuma nakan ja kaɗan daga sama zuwa ƙasa, don ruwan sama haka yake gangarowa in jirgi na fake. Dalilin da ya sa nake yi wa jikin jirgin fentin ruwa ke nan: sifirit ba ya cin sa. Kada ka yi da baƙi wuluk a kan launin ƙasa, jirgin zai koma kamar an zana shi da biro.

Rana ita ce babbar mai tsufar da jirgi a ƙasarmu. Abin da ke kallon sama shi ke koɗewa: saman fukafukai, gadon baya, saman jela. Ciki da ƙarƙashin fiffike suna riƙe launinsu. Ɗiga ɗigon farin fentin mai da na rawaya, ƙanana kamar ƙwayar gero, a tsakiyar faranti, ka baje su da buroshi mai ɗan danshi har su kusa ɓacewa. In ka ja baya taku biyu kana iya nuna inda ɗigon yake, bai baju ba.

Ƙwarzane yana zuwa ne inda mutum ke taɓawa: inda matuƙi ke hawa, gefen ƙofofin da makanikai ke buɗewa kullum, bakin ramin shan iska. Yagi soso ɗan mitsitsi, ka tsoma a fenti toka-toka, ka daddanna a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan ka taɓa jirgin sau biyu ko uku. Ka tsaya nan. Wannan jirgi ne da ake dubawa kafin kowane tashi, ba akori-kurar da ke jigilar yashi ba. Tsatsa kuwa sam, jikinsa sanholo ne.

Bayan an feshe jirgin da ruwan dishi-dishi na ƙarshe, marar launi mai kashe sheƙi, sai hoda ta shigo, domin ba ta kama wuri mai santsi. Kankare allin zane baƙi da ruwan ƙasa, ka shafa kaɗan a bakin injuna biyun da abin da ke bayansu. Ga tayoyi da ramukansu, jar ƙasa nake so. Na daɗe ina neman launin, ashe yana cikin kayan kwalliyar uwargida, wata tsohuwar hodar ido da ta daina shafawa. Ta ba ni, da sharaɗin kada in sake taɓa sabuwar. Ita nake gogawa a gefen taya, in bar tsakiyar da ke taka kwalta da ɗan haskenta.

Salatif ɗin gilashi shi ne na ƙarshen cirewa, a hankali, da bakin reza. Gilashin ya zauna tas, ko ɗigon hoda kada ya hau shi, ba matuƙin da zai tashi da gilashi mai datti. Eriya da siririn bututun hanci ma sai yanzu nake manna su, don sau biyu ina karya su da hannun riga. Daga nan sai cikin kabad mai gilashi, nesa da taga, a bene na sama inda hannun autana bai kai ba tukuna.